SAƘON "KU KASHE WAYA, RANA ZA TA YI AMAN WUTA": INA GASKIYA, INA ƘARYA, INA HUKUNCI?



Godiya ta tabbata ga Allah Ubangijin talikai, wanda Ya halicci rana da wata Ya hore su, kowanne yana tafiya bisa ƙa'idar da Ya ɗora shi a kai. Tsira da amincin Allah su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammad (SAW) da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, 'yan'uwa masu bibiyar wannan shafi, a 'yan kwanakin nan mutane da dama sun turo mini wani saƙo da ke yawo a WhatsApp, wasu a rubuce, wasu da murya. A taƙaice saƙon yana cewa wai a daren yau, daga ƙarfe 12:30 zuwa 3:30, wani mugun haske zai wuce kusa da duniya, don haka kowa ya kashe wayarsa ya nisanta ta daga jikinsa, in ba haka ba zai cutu. A ƙarshe sai a jingina maganar ga NASA ko wata babbar kafar labarai, a ce don girman Allah ka tura wa 'yan'uwanka.

Shekaranjiya bayan sallar isha'i a nan Musawa, wani dattijo maƙwabcinmu ya tsayar da ni a ƙofar masallaci. Ya ce, "Malam, ni fa na kafa doka a gidana, kowa ya kashe waya kafin sha biyun dare. An ce rana ce za ta yi aman wuta." Kafin in buɗe baki, wani matashi ɗalibinmu da ke gefe ya karɓe: "Allah Ya gafarta Malam, ai wannan duk kafircin Turawa ne. Wa ya san abin da zai faru gobe ban da Allah? Duk mai cewa rana za ta yi kaza a rana kaza boka ne, ko da kwat ya sa."

Na ce, Baba ka yi haƙuri, kai ma ɗana ka saurara. Saƙon nan ƙarya ne. Amma ilimin da aka raɓa aka yi ƙaryar da sunansa gaskiya ne, kuma ba bokanci ba ne. Na yi musu alkawarin zan zauna in rubuta bayani, to ga shi. Zai ɗan yi tsawo, ku daure ku karanta har ƙarshe, domin akwai maganar aƙida a ciki, akwai kuma maganar tsaron rai.

ME KE FARUWA A JIKIN RANA?

Rana dunƙule ce ta iska mai tsananin zafi, tana nesa da mu da kimanin kilomita miliyan 150. Haskenta yana ɗaukar minti 8 da 'yan daƙiƙoƙi kafin ya iso mana. A jikinta akwai ƙarfin maganaɗisu mai girma, kuma da yake juyawa take yi, wannan ƙarfi yana murɗewa kamar yadda ake murɗa igiyar rama. Inda murɗin ya tsananta sai wurin ya bayyana kamar baƙin tabo a fuskarta. Wani tabon ya ninka duniyarmu faɗi sau da yawa. Yawan tabon yana hawa yana sauka a zagaye na kimanin shekara 11, kuma a watan Oktoban 2024 hukumar NASA da takwararta NOAA ta Amurka suka sanar cewa rana ta kai ganiyarta a wannan zagaye. Shi ya sa kuka ji labarin ya yawaita a 'yan shekarun nan.

Idan igiyar ta murɗu ta kai maƙura sai ta tsinke, ta saki ƙarfin da ta tara. Abin da ke fitowa kuwa ba lokaci guda yake iso mana ba. Manomi zai fi kowa saurin gane wannan. Idan hadari ya haɗo daga gabas, walƙiya kake fara gani, sai iska ta taso da ƙura, sannan ruwa ya sauko. To kusan haka abin yake, kashi uku ne.

Na farko walƙiyar rana. Ita haske ce, da gudun haske take tafiya, don haka a minti 8 ta iso. Ba ta sallama: lokacin da aka gan ta, lokacin ta riga ta zo. Ba ta kai wa jikinmu, domin iskar da ke lulluɓe da duniya tana shanye ta tun daga can sama. Amma tana dagula sashen saman da rediyon gajeren zango ke dogara da shi. Dattawanmu masu sauraren gajeren zango sun san yadda wani lokaci da rana tsaka tasha ke ɗaukewa ɗif, batir lafiya, eriya lafiya, can anjima ta dawo. Wannan walƙiya tana cikin abubuwan da ke jawo haka.

Na biyu guguwar ƙwayoyi. Wasu ƙananan ƙwayoyi ne masu ɗauke da caji waɗanda ido ba ya gani, mafi yawansu irin waɗanda masana ke kira furoton. Masu saurin cikinsu suna iya isowa ƙasa da rabin sa'a bayan walƙiyar, sauran su biyo cikin sa'o'i, kuma guguwar tana iya kwana da kwanaki. Su ne masu haɗari ga 'yan sama jannati, da na'urorin taurarin ɗan'adam, da jiragen sama masu bi ta ƙuryar arewacin duniya.

Na uku shi ne aman ranar kansa: wani ƙaton gajimare na iska mai caji, nauyinsa kan kai tan biliyoyi, da rana ke tofarwa sararin samaniya. Yawanci yana ɗaukar kwana ɗaya zuwa uku ko fiye kafin ya iso, in har ya nufo wajenmu. Idan mai gudu ne sosai, yana koro ƙwayoyin nan a gabansa yana ƙara musu gudu, kamar yadda iskar hadari ke koro ƙura tun ruwa bai zo ba. Idan ya daki garkuwar maganaɗisu da ke kewaye da duniya, a nan ne layukan lantarki da na'urar GPS ke shiga matsala.

YAYA SUKE YIN HASASHEN?

Ga inda nake son ɗalibina ya buɗe kunne. Ba bugun ƙasa suke yi ba, ba wuri suke watsawa ba, ba aljani suke tambaya ba. Kallo suke yi su auna.

Da yawanku kun tuna husufin rana na 29 ga Maris 2006, wanda ya ratsa arewacin Najeriya har da yankin Katsina, gari ya yi duhu da hantsi, aka nufi masallatai. Waɗanda suke inda wata ya rufe rana ruf sun ga wani farin haske kamar rawani ya kewaye ta. To daga cikin wannan rawanin aman rana ke fitowa, hasken ranar ne kawai ke hana ganinsa a sauran ranaku. Sai masana suka yi dabara. A watan Disamban 1995 aka harba wani kumbo mai suna SOHO, ɗauke da madubin hangen nesa da aka sa wa ɗan faifai yana tare fuskar rana. Wato husufi ne na ƙirƙira, dare da rana. Da aman ya fito sai su gan shi a hoto, su auna tazarar da ya ci tsakanin hoto da hoto, su fitar da gudunsa, su duba inda ya dosa, su yi lissafin lokacin isowarsa. Lissafi ne irin na wanda ya ga mota ta bar Funtua da gudu kaza, ya ce da yardar Allah ƙarfe kaza za ta shiga Malumfashi.

Suna kuma duba daga wane ɓangare na rana abin ya tashi. Rana tana kammala juyi ɗaya a kimanin kwana 27 bisa ganinmu, saboda haka hanyoyin maganaɗisun da ke fitowa daga cikinta a lanƙwashe suke, kamar mai noman rani ya riƙe tiyon ban-ruwa yana jujjuyawa, ruwan ya riƙa fita a karkace. Ƙwayoyin nan waɗannan hanyoyin suke bi. Don haka fashewar da ta auku a ɓangaren da suke kira yammacin rana ta fi saurin aiko mana da ƙwayoyi, ko da ba ta fuskance mu kai tsaye ba. Akwai ma wasu ƙwayoyin marasa nauyi da ke riga masu haɗarin isowa, da an hango su sai a san na baya suna tafe, a samu 'yan mintuna na shiri.

Sannan sun ajiye 'yan gadi a hanya. A nisan kilomita miliyan ɗaya da rabi daga duniya ta wajen rana, an ajiye kumbuna irin su DSCOVR da aka harba a 2015, aman yana fara ratsa su kafin ya iso mana. Gargaɗin da suke bayarwa na minti 15 ne zuwa sa'a guda. Duk waɗannan bayanai suna taruwa a cibiyoyi, babbar cikinsu ita ce ta hukumar NOAA a garin Boulder na Amurka, wadda ta kasa guguwar ƙwayoyi mataki biyar, daga S1 mai sauƙi zuwa S5 mafi tsanani. A nahiyarmu Afirka ta Kudu ta buɗe cibiyar da ke aiki ba dare ba rana a garin Hermanus a 2022. A gida kuma hukumar sararin samaniya ta NASRDA tana da cibiyar nazarin sama a Anyigba ta jihar Kogi.

Ga kuma abin lura: da kashi cikin ɗari suke magana. Sukan ce yiwuwar babbar walƙiya gobe kashi kaza ce. Har yau ba wanda zai iya nuna tabo ya ce ƙarfe kaza zai fashe. A lokacin isowar aman ma sukan yi kuskuren sa'o'i da dama, kuma ainihin ƙarfin dukan ba ya tabbata sai ya iso wurin 'yan gadin nan. A watan Fabrairun 2022 kamfanin SpaceX ya harba taurarin ɗan'adam 49, wata guguwa da ba ta kai ta kawo ba ta lashe 38 daga ciki. Duk kuɗinsu, duk kwamfutocinsu. Subhanallah.

ME YA SA SUKE WAHALAR DA KANSU?

Domin sun ɗanɗana. Ranar 1 ga Satumba 1859, shekarar da Sarkin Musulmi Aliyu Babba ya rasu, wani Bature ɗan Ingila mai suna Richard Carrington yana zana tabon rana sai ya ga walƙiya ta tashi. Ba a cika sa'a 18 ba aman ya iso, wayoyin tangaraho a Turai da Amurka suka rikice, wasu suka riƙa tartsatsi. A watan Agustan 1972 wata gagarumar guguwar ƙwayoyi ta faɗo tsakanin tafiya biyu da Amurkawa suka yi zuwa duniyar wata, ɗaya a Afrilu ɗaya a Disamba. Da ta riski mutane a can, da sun shiga haɗari babba. Ranar 13 ga Maris 1989 lantarkin lardin Quebec na Kanada ya ɗauke, mutum kimanin miliyan 6 suka zauna a duhu wajen sa'a 9. Na san wani zai yi dariya ya ce, "Malam, sa'a tara kacal?" Gaskiyarka. Amma ka tuna ƙasa ce mai ƙanƙara, da lantarki suke jin ɗumi.

Na kusa-kusa shi ne na Mayun 2024. Ranar 9 ga wata aka fitar da gargaɗi, ranar 10 guguwa ta iso, ta kai matakin ƙoli, irin wanda rabon da a gani tun 2003. Kamfanonin lantarki da masu taurarin ɗan'adam sun samu damar shiri. Amma manoma a Amurka suna tsakiyar shuka, taraktocinsu masu bin GPS suka riƙa kauce wa layi, dole wasu suka dakatar da aiki. Manomin Musawa ya san ciwon rasa kwana ɗaya a lokacin shuka.

To mu fa? Allah cikin rahamarSa Ya kewaye duniya da garkuwa biyu, iska da maganaɗisu. Garkuwar maganaɗisun tana karkatar da ƙwayoyin nan zuwa ƙuryar arewa da ƙuryar kudu, kuma ta fi tsare yankunan da ke tsakiyar duniya. Arewacin Najeriya kuwa dab yake da layin tsakiya na maganaɗisun duniya. Wato muna cikin mutanen da suka fi samun kariya daga waɗannan ƙwayoyi a doron ƙasa. Wayar da ke aljihunka ba ta janyo su, kashe ta ba ya kore su. Inda abin zai iya taɓa mu shi ne ta GPS, da rediyo, da taurarin ɗan'adam da sadarwa ke bi ta kansu. Wannan ma ba ƙaramin abu ba ne. Mutanen Funtua da Malumfashi ba su manta Satumban 2021 ba, lokacin da aka rufe layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar nan saboda matsalar tsaro. Sun ga yadda ciniki da tura kuɗi da jin lafiyar 'yan'uwa suka tsaya cik.

Allah Ya ambaci sama a matsayin rufi abin kiyayewa a Suratul Anbiya'i, aya ta 32. Ba ina cewa tafsirin ayar shi ne garkuwar maganaɗisu ba, a'a, ba na son ɗora wa Alƙur'ani abin da magabata ba su faɗa ba. Amma wanda ya san akwai abin da ake tare masa kullum yana barci, bai biya ko sisi ba, ya kamata godiyarsa ta ƙaru.

SHIN WANNAN DA'AWAR SANIN GAIBU CE?

Yanzu mu zo kan maganar ɗalibina, domin kishin tauhidi ne ya sa ya faɗa, kuma ina yaba masa a kan kishin. Sai dai kishi yana buƙatar ilimi.

Babu shakka gaibu na Allah ne Shi kaɗai. Ayar ƙarshe ta Suratu Luƙman ta lissafa abubuwa biyar da saninsu ke wurinSa: tashin alƙiyama, saukar da ruwa, abin da ke cikin mahaifa, abin da rai zai aikata gobe, da ƙasar da zai mutu a cikinta. Kuma ya inganta a Sahihu Muslim cewa wanda ya je wurin mai duba ya tambaye shi, ba a karɓar sallarsa ta kwana arba'in. Wannan ba abin wasa ba ne.

Amma wanda ya ga sababi ya riga ya bayyana, ya faɗi abin da bisa al'ada yake biyo baya, bai yi da'awar gaibu ba. Tsohuwar da ta ga hadari ya haɗo ta ce a kwashe shanya, boka ce? Likitan da ya auna jini ya ce in ba a sha magani ba ciwon zai tsananta, boka ne? Hausawa da suka ce Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta, duba suka yi? Wanda ya ga aman rana ya riga ya fito a hoto, ya auna gudunsa, ya ce jibi zai iso, abin da ya riga ya wanzu yake ba da labari. Ya gani ne kai ba ka gani ba, don yana da madubi kai ba ka da shi.

Malamai irin su Imam Khaɗɗabi da Ibnu Rajab sun raba ilimin taurari gida biyu. Akwai na lura da tafiyarsu don sanin lokaci da alƙibla da hanya da yanayin shekara. Wannan ya halatta. Akwai kuma na riya cewa taurari suna da tasiri a kan arzikin mutum da aurensa da mutuwarsa da faɗuwar sarakuna. Wannan shi ne haram, yana kai mutum ga shirka. A Hudaibiyya, bayan an kwana ana ruwa, Annabi (SAW) ya sanar da sahabbai cewa mutane sun wayi gari kashi biyu: wanda ya jingina ruwan ga falalar Allah shi ne mumini, wanda ya jingina shi ga tauraro ya kafirce wa Allah. Imam Shafi'i ya yi bayanin cewa wanda yake nufin tauraron ne ya saukar da ruwan shi ne ya kafirta, amma wanda yake nufin an yi ruwa a lokacin tauraro kaza, wato yana faɗin lokaci ne kawai, bai kafirta ba, ko da yake barin lafazin ya fi. A kan wannan ne tsofaffin malamanmu suke lissafin taurari 28 na shekara, suna gaya wa manoma an shiga damina ko an kusa kaka, ba wanda ya ce sun bar Musulunci.

Ku tuna kuma ranar da Ibrahim ɗan Manzon Allah (SAW) ya rasu, aka yi husufin rana a Madina, mutane suka ce saboda rasuwarsa ne. Annabi (SAW) bai bar maganar ta wuce ba, duk da yana cikin baƙin ciki. Ya karantar da su cewa rana da wata ayoyin Allah ne, husufinsu ba ya da alaƙa da mutuwar wani ko rayuwarsa, ya umarce su da salla da addu'a. Ga mizani nan.

Don haka duk wanda ya zo maka da labarin gobe, yi masa tambaya uku. Da me ka dogara, abin da kowa zai iya koyo ya auna ne, ko wani sirri ne naka kai kaɗai? Kana cewa tabbas ne, ko kana cewa mai yiwuwa ne? Kana maganar abin da ke bin sababi ne, ko kana gaya mini wa zan aura da yaushe zan yi kuɗi? Masu hasashen guguwar rana suna wallafa ma'auninsu kowa ya gani, suna magana da "mai yiwuwa", in sun yi kuskure su rubuta sun yi. Mai duba kuwa ba ya taɓa kuskure. In bai faɗa daidai ba sai ya ce kai ne ba ka cika sharaɗi ba, ka ƙaro baƙin bunsuru.

Abin da ke ba ni mamaki, za ka ga mutum ya ce hasashen damina da hukumar NiMet ke fitarwa kowace shekara shiga hurumin Allah ne, amma shi ɗin ne zai lallaɓa wurin mai bugun ƙasa a zaɓa masa ranar ɗaurin auren 'yarsa. Ya guji halal ya faɗa haram. Na san wani bawan Allah a yankin nan da aka ja kunnensa cewa ana tsammanin ruwa zai ɗan ɗauke bayan na farko, ya ce shi da Allah ya dogara. Ya zuba irin masararsa duka a ruwan fari, da takin bashi. Ruwa ya ɗauke, shuka ta ƙone, sai da ya sayar da akuyoyin matarsa ya sake sayen iri. Ƙaddara ce, ba musu. Amma tawakkali ba haka yake ba.

Annabi (SAW) ya umarci mai raƙumi ya ɗaure raƙuminsa sannan ya dogara ga Allah. Sayyidina Umar (RA) yana kan hanyar Sham ya samu labarin annoba ta ɓarke, ya juya da jama'arsa. Da Abu Ubaida (RA) ya tambaye shi ko gudun ƙaddara yake yi, ya nuna masa cewa juyawar ma ƙaddarar Allah ce. Annabi Yusuf (AS) ya sa an tara hatsi shekara bakwai a zangarniyarsa saboda shekarun yunwa. Duk wanda ya gina rumbu ya yarda da hasashe, ko ya sani ko bai sani ba. Sharaɗin kawai shi ne zuciya ta san sababi ba ya aiki da kansa. Ka ji hasashe, ka yi shiri, ka ce in sha Allahu, ka san Mai rana Yana iya juya ta yadda Ya so. A Yulin 2012 wani gagarumin aman rana ya tsallaka hanyar da duniya ke bi, aka yi dace ba ta wurin. Wa ya kautar da shi? Ba NASA ba ce.

NAUYIN DA KE KAN MAI TURA SAƘO

Na dawo kan saƙon. Ku duba shi da kyau: babu kwanan wata a ciki, "daren yau" kawai yake cewa. Shi ya sa ya shekara da shekaru yana zagaya ƙasashe da harsuna daban-daban, kowane dare daren yau ne. Ya sa wa abin lokaci daidai da minti, alhali masanan da kansu ba sa iya haka. Sannan ya roƙe ka ka tura. Ƙarya fure take, ba ta 'ya'ya.

Wani zai ce, to mene ne a ciki, in ba amfani ai ba cuta. Wallahi akwai cuta. Kun san halin da muke ciki a wannan yanki. Da tsakar dare ne ake kiran maƙwabtan ƙauye a ce an ga motsin da ba a yarda da shi ba, a farka. Da tsakar dare naƙuda ke tashi a nemi mai mota. Da tsakar dare numfashin tsoho ke sarƙewa a nemi ɗansa. Kai da ka tura saƙon da ya sa gida guda suka kashe waya daga sha biyu da rabi zuwa uku da rabi, in aka kira ba a same su ba, me za ka ce wa Allah? Aya ta 6 a Suratul Hujurat ta umarce mu da bin diddigin labari don kada mu cutar da mutane bisa jahilci mu dawo muna nadama. Kuma Imam Muslim ya ruwaito a gabatarwar littafinsa cewa faɗin duk abin da mutum ya ji ya ishe shi zama maƙaryaci. Danna "tura" ma faɗi ne. In ka riga ka tura, koma inda ka tura ka gyara.

DARASIN DA YA FI TSAYA MINI A RAI

'Yan'uwa, da nake karanta wannan fanni, abu ɗaya ya riƙa dawo mini. Mutanen nan sun kashe dukiya mai yawa, sun harba kumbuna, sun sa ma'aikata kwana a zaune, duk don su sami gargaɗin rabin sa'a. Kuma idan gargaɗin ya zo ba sa jayayya da shi. Ɗan sama jannati ya koma sashen kumbo mafi kauri, jirgi ya canza hanya, mai lantarki ya rage kaya a kan layi.

Mu kuma gargaɗi ya zo mana fiye da shekara 1400, daga wanda bai taɓa ƙarya ba, kuma ba da kashi cikin ɗari ya yi magana ba. Suratut Takwir da naɗe rana ta buɗe. Wannan ranar da ɗan tartsatsinta ke rikita ƙasashe, baiwa ce mai biyayya, akwai ranar da za a naɗe ta. Furfura ta fito mana, mun kai sa'o'inmu maƙabarta da hannunmu, amma bashin mutane yana wuyanmu, gonar marayu tana hannunmu, zakkar hatsi ba a fitar ba, asuba tana wuce mu. Saƙon ƙarya ɗaya ya sa mun kafa doka a gida cikin dare guda. Doka nawa muka kafa a kan salla?

Jiya na sake haɗuwa da dattijon nan na yi masa bayani a taƙaice. Ya yi shiru, sannan ya ce, "To Malam, yanzu in ce su kunna ke nan?" Na ce, "Su kunna, Baba, su sa caji ma. Amma dokar da ka kafa kar ta tashi a banza, mayar da ita kan tashi sallar asuba." Ya yi dariya ya ce wannan ta fi wuya.

Allah Ya ba mu ilimi mai amfani, Ya tsare mana aƙidarmu daga shirka da camfi, Ya tsare harsunanmu da yatsunmu daga yaɗa ƙarya. Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya sa mu girbe lafiya mu ci lafiya. Allah Ya kawo mana zaman lafiya a Musawa da Matazu da Ƙanƙara da Malumfashi da Funtua da jihar Katsina da ƙasa baki ɗaya. Waɗanda suke hannun miyagu Allah Ya kuɓutar da su, waɗanda suka riga mu Allah Ya gafarta musu, mu kuma Ya sa mu cika da imani.

Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, kuskuren da ke ciki daga gare ni ne, wanda ya ga gyara ya gyara mini. Wallahu a'alam.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.